Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Kan Tanadin Shaidar Aiki Domin Neman Biza



Fita neman abinci a wata ƙasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, iyayenmu sun yi ci-rani a Ikko da Kurmi, wasu sun bi ta Sudan sun zauna a Makka da Jidda. A wancan zamani sana'ar hannunka ita ce shaidarka. In ka ce kai magini ne, sai a miƙo maka cokalin gini a ce bismilla. Yau kuwa kafin a bar ka ka taɓa cokalin, sai wani jami'i da bai taɓa ganinka ba ya zauna gaban kwamfuta ya duba takardunka, ya yanke hukunci ko ka taɓa aikin da ka ce ka yi.

Mu da ke karatun fannin muhalli da gine-gine a nan Gwarzo, da 'yan'uwanmu da ke Kabo, da yawanmu ba karatu kaɗai muke yi ba. Wani yana bin 'yan kwangila aikin gini ranar Asabar da Lahadi, wani yana wayarin, wani walda, wata tana zanen fulan a ofishin wani injiniya a Kano lokacin hutu. Aiki dai ana yi, gumi ana zubarwa. Amma ka tambayi mutum goma takarda ɗaya da ke nuna sun yi, da wuya ka sami biyu. Wannan darasi a kan haka yake: shaidar aiki ana tara ta ne lokacin da ake aikin. Wanda ya bari sai ranar cike fom, to ya makara, kuma a nan ne ake faɗawa hannun masu buga takardun jabu.

Abin da jami'in biza ke son ya gani

Kowace ƙasa da tsarinta, amma tambayoyin kusan guda biyar ne. Wajen da ka ce ka yi aiki, akwai shi da gaske? Wane irin aiki ka yi a can? Daga yaushe zuwa yaushe? Awa nawa a mako? An biya ka, kuma ina alamar biyan? Duk takardar da za ka ajiye, ka auna ta da waɗannan tambayoyi. In ba ta amsa ko ɗaya ba, ado ce kawai.

Bari mu ɗauki Kanada, domin ƙa'idojinta a rubuce suke dalla-dalla, kuma wanda ya iya su ya iya na sauran. Tun watan Janairun 2015 take amfani da tsarin Express Entry wajen zaɓen ƙwararrun ma'aikata. A ɓangaren da ake kira Federal Skilled Worker, ana son aikin shekara ɗaya a jere, a sana'a guda, cikin shekara goma da suka wuce. Shekara ɗayan nan an fassara ta da awa 1,560, wato awa 30 a mako sau mako 52. Mai aikin rabin lokaci, misali awa 15 a mako, sai ya yi wata 24 kafin ya cika. A lura, in kana yin awa 60 a mako ba za a ce ka cika shekara a wata shida ba, domin abin da ya haura 30 ba a lissafa shi. Sannan dole aikin ya zama na albashi ko na kamasho. Aikin sa-kai da koyon aiki ba biya ba sa shiga lissafi. Masu sana'ar hannu irin walda da wayarin suna da nasu ɓangaren, Federal Skilled Trades, inda ake neman shekara biyu, awa 3,120, cikin shekara biyar da suka wuce, tare da tayin aiki ko shaidar ƙwarewa daga can.

Kanada ta jera sana'o'i a wani kundi mai suna NOC, kowace da lambarta mai alƙaluma biyar. Tun ranar 16 ga Nuwamban 2022 aka koma kasa su mataki shida, daga TEER 0 zuwa 5, kuma alƙalami na biyu a lambar shi ke nuna matakin. Daga 0 zuwa 3 ake karɓa a wannan ɓangare. Ga misali daga fanninmu: masu taimaka wa injiniyan gine-gine da hanyoyi a matakin fasaha lambarsu 22300, masu fasahar zanen gine-gine 22210, masu fasahar safiyo 22213, masu ƙiyasin kuɗin gini 22303, masu wayarin 72200, masu walda 72106. Duk waɗannan mataki na 2 ne. Amma leburan gini lambarsa 75110, mataki na 5, ba ya ciki. Ka ga ke nan mutum biyu za su iya yin shekara guda a fili ɗaya na gini, ɗaya aikinsa ya shiga, ɗaya bai shiga ba. Bambancin yana cikin ayyukan da kowa ya yi, da yadda aka rubuta su.

Kada a ɗauka cika wannan sharaɗi shi ne samun biza. Akwai jarrabawar Turanci, akwai tantance difloma ta hannun hukumomi irin su WES, waɗanda ke son makaranta da kanta ta aika musu da sakamako, akwai shaidar kuɗin riƙe kai, sannan gasa ce ta maki. Abin da ke taimakonmu shi ne masu shekara 20 zuwa 29 su ke samun cikakken makin shekaru, kuma aikin shekara uku ya fi na shekara ɗaya maki. Amma ga inda gizo ke saƙa: ranar da aka gayyace ka, kwana 60 kacal gare ka ka shigar da dukkan takardu. Kwana 60 ba ya isa a nemo ogan da ka rabu da shi shekara huɗu, wanda ya canza lamba ya koma Abuja.

Sauran ƙasashe ma hakan take. Jamus ta buɗe katin neman aiki mai suna Chancenkarte ranar 1 ga Yunin 2024, inda ake son maki shida: aikin shekara biyu cikin biyar da suka wuce yana ba da maki 2, na shekara biyar cikin bakwai maki 3, muddin ya dace da abin da ka karanta. Ostireliya sai wata hukumar tantance sana'a, irin su TRA ko VETASSESS, ta duba wasiƙarka tare da hujjar biyan albashi. Saudiyya da wasu ƙasashen Larabawa, musamman ga ma'aikatan lafiya, suna amfani da kamfanin DataFlow, wanda aikinsa shi ne ya tuntuɓi makarantar da ta ba ka shaida da wajen da ka yi aiki kai tsaye, ya tambaya ko gaskiya ne.

Wasiƙar shaidar aiki

Uwa a cikin takardun ita ce wasiƙar da wajen aikinka zai rubuta. Irin wadda aka saba ba mu a nan ita ce mai layi uku: wane ya yi aiki da mu, yaro ne mai ladabi da riƙon amana, muna roƙon a taimaka masa. Wannan ta yi kyau wajen neman aure, amma ba ta amsa tambayar jami'in biza ko ɗaya ba. Wasiƙar da ake so ta ƙunshi:

1. Takarda mai tambarin kamfani, da adireshi, da lambar waya, da imel da ke aiki.
2. Cikakken sunanka yadda yake a fasfo.
3. Muƙaminka, ko muƙamai in an yi maka ƙarin girma, kowanne da kwanan watansa.
4. Ranar farawa da ranar barin aiki, da rana da wata da shekara.
5. Yawan awa a mako.
6. Albashin shekara da alawus.
7. Jerin ayyukan da kake yi.
8. Suna da muƙami da sa hannun wanda ke kula da aikinka kai tsaye, ko jami'in kula da ma'aikata.

Na bakwai shi ne wurin da ya kamata a zauna a kai. Sunan muƙami ba ya wadatarwa, domin a nan kowa injiniya ne, har mai gyaran janareta. Jami'in zai ɗauki jerin ayyukanka ya gwada da abin da kundin NOC ya ce masu wannan lamba suna yi. In wasiƙar ta ce "yana taimakawa a wajen gini", ba a san ko bulo kake ɗauka ko awo kake yi ba. Amma in ta ce kana fitar da layin harsashi daga fulan, kana ɗaukar lebur da na'ura, kana lissafin siminti da rodi, kana duba haɗin kankare kafin a zuba, kana rubuta rahoton mako ga injiniya, to an gane matsayinka.

Hattara da abu guda: kada ka kwafo jerin ayyukan kundin kalma da kalma ka kai wa oga ya sa hannu. Jami'an nan sun san kundin kamar yunwar cikinsu, kuma wasiƙar da ta zo daidai da shi har waƙafi tana jawo zargi. Ka rubuta abin da ka yi da gaske, da kalmomin wajen aikinku, da sunan na'urorin da kuka yi amfani da su.

Yaushe ake karɓar wasiƙar? Makon da za ka bar aikin, kana cikin mutunci da kowa. Ba laifi ka tsara ta da kanka ka kai wa oga ya duba ya gyara, domin yawancinsu ba ƙi suke yi ba, lokaci ne ba su da shi. In ubangidanka da Hausa ko ajami yake rubutu, Kanada na karɓar takardun Turanci ko Faransanci ne kawai, don haka sai an yi fassara ta hannun mai fassara da aka amince da shi, ko a haɗa da rantsuwarsa, kuma ba a yarda kai ko ɗan'uwanka ku fassara ba.

Inda tamu matsalar take

Wasiƙa magana ce ta mutum ɗaya. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne wasu takardu daga wasu wurare da suka faɗi abu guda. A nan ne al'adar aikinmu ke ba mu wahala. Daga Getso zuwa Garo, har cikin Ƙofar Ruwa a birni, aiki a kan amana yake tafiya. Babanka ya kai ka wajen abokinsa, an yi fatiha, ka fara. Ranar Alhamis ko ƙarshen wata oga ya zaro kuɗi daga aljihu ya ba ka. Ba ofa, ba rasit, ba sa hannu. In ka nemi a rubuta, sai a ga kamar ba ka yarda da mutum ba.

To a tuna, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Rubuta mu'amala ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga kowa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma, a sashe na 7, ta ce mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika. Dokar ta fi shafar masu aikin hannu da na akawu, amma ta isa ta nuna cewa neman ofa ba rashin kunya ba ne. Sai dai a nema da ladabi: "Oga, don Allah ina son 'yar takarda da ke nuna ranar da na fara, saboda makaranta da gaba." Mutum kaɗan ne zai ƙi.

Ga hujjojin da ke tallafa wa wasiƙa, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni.

Bayanan asusun banki. In albashi na shigowa duk wata daga asusun kamfani, da sunan kamfanin a jiki, wannan hujja ce da ba kai ka rubuta ta ba. Ka roƙi a riƙa biyanka ta tiransifa, a sa bayani kamar "albashin Maris". In ta asusun oga na kansa ake turowa, wasiƙar ta ambaci haka. Kuɗin da aka turo ta wajen mai POS ba ya nuna daga wa ya fito. In kuma dole sai tsaba, to ka buɗe littafi: kwanan wata, adadi, sa hannunka da na mai biya, sannan ka zuba kuɗin a asusunka a ranar ko washegari, yadda adadin zai riƙa dacewa. Alat na waya ba ya zama hujja mai ɗorewa, waya na ɓata. Ka riƙa karɓar cikakken bayanin asusu mai hatimin banki duk ƙarshen shekara.

Fensho. Dokar fensho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya riƙa zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusun fenshonsa. Bayanin wannan asusu yana nuna sunan kamfani da watannin da aka zuba. Mu matasa muna raina shi saboda tsufa na da nisa, alhali yana cikin shaidu mafi wuyar musantawa.

Haraji. In ana cire maka haraji daga albashi ana kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano, KIRS, kana iya neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna kuɗin shigarka na shekara uku.

Sai takardun cikin gida: ofa, takardar tabbatar da aiki, ta ƙarin girma, takardar albashi ta wata-wata, katin shaida na ma'aikata, izinin hutu. Daga ƙarshe hotuna a wajen aiki da saƙonnin WhatsApp da oga. Waɗannan ba sa tsayawa su kaɗai, amma suna taimaka maka ka tuna kwanan wata.

SIWES, shekarar IT da bautar ƙasa

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce ko SIWES na shiga. Wata huɗun da muke yi bayan ND 1 ƙarƙashin kulawar hukumar ITF horo ne na karatu, bai kai shekara ba, kuma yawanci wajen aikin ba ya biyan albashi. Don haka kada ka dogara da shi a lissafin awa. Amma logbuk ɗinsa makaranta ce ta koyon rubuta aiki. Wanda ya saba rubuta abin da ya yi kullum, ya kai wa mai kula ya sa hannu duk mako, ya riga ya koyi rabin darasin nan. Kafin ka miƙa logbuk da fom na 8 ga makaranta, ka ɗauki hoton kowane shafi. Masu zama a hostel daren ƙarshe su cike mako goma sha shida da biro kala uku, kansu suke cuta.

Shekarar IT tsakanin ND da HND ita ce dama ta farko ta gaske, kuma ita ke gabanmu mu 'yan ajin ƙarshe. Wata 12 ce cif. In ka sami wajen da ake biyanka, kana yin awa 30 ko fiye a mako, kana aikin fasaha ba aiken sayo abinci ba, to ka sami abin da za ka iya gabatarwa. Saboda haka wajen zaɓen wuri, kada ka duba kusa da gida kawai. Ka tambaya: kamfanin na da rajista? Yana da adireshi tsayayye? Zai biya ta banki, ko da kaɗan ne? Kamfani a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa mai biyan kuɗi kaɗan ta banki ya fi, ta wannan fuska, wanda zai ba ka da yawa a hannu ba rubutu. Kuma ka daure ka cika shekarar a wuri guda, ko aƙalla a sana'a guda ba tare da giɓi ba.

Bautar ƙasa, ga waɗanda Allah ya kai HND, takardar kammalawarta tana nuna ka yi shekara, amma ba ta faɗin aikin da ka yi. Ka ajiye takardar turawa, da ta karɓa, da takardun tantancewa na wata-wata, sannan ka karɓi cikakkiyar wasiƙa daga wajen da ka yi hidima. In ka karanta safiyo aka tura ka koyarwa, wasiƙar ta ce koyarwa ka yi. Kada ka nemi a mayar da ita safiyo.

Mai aikin kansa da yaron shago

Da yawa a Gwarzo da Kabo ba su da oga, su ne ogan kansu. Kanada na karɓar irin wannan aiki a ɓangaren da muka ambata, amma ta ce bayanin da mutum ya rubuta wa kansa, ko rantsuwar da ya yi a kotu shi kaɗai, ba hujja ba ce. Ana son abu uku: shaidar mallakar sana'a, shaidar kuɗin da ke shigowa, da takardu daga waɗanda ka yi wa aiki masu nuna abin da ka yi da nawa suka biya.

A aikace, ka yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, wanda yanzu ta intanet ake yi. Ka buɗe asusun banki da wannan suna, ka daina haɗa kuɗin aiki da na cefane. Ka buga littafin rasit mai kwafi. Duk aikin da ya ɗan yi girma, wayarin gida ko ƙera ƙofofin makaranta, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, in an gama mai aikin ya ba ka takardar cewa ka kammala, da lambar wayarsa. Akwai kuma tsarin fenshon masu sana'ar kansu da PenCom ta ƙaddamar a 2019.

Wanda ya koyi sana'a a hannun ubangida, ranar yaye ya nemi takarda mai kwanan watan shiga da na fita, da sa hannun shugabannin ƙungiyar sana'ar. Shekarun koyo da ba a biya ba ba za su shiga lissafin aiki ba, amma daga ranar da aka fara biyanka lada, lissafi ya fara. Ka ƙarfafa da jarrabawar Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, daga na III zuwa na I, ko ta NABTEB, ko tsarin NSQ da hukumar NBTE ke kula da shi, wanda ke tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aji.

In kamfani ya rufe ko oga ya rasu

Wannan na faruwa sosai, musamman kamfanonin kwangila da ke tashi da zarar aiki ya ƙare. Abin yi shi ne ka rubuta wasiƙar bayani, gajera, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, ka haɗa da duk abin da ka tara: ofa, bayanan banki, fensho, lambar rajistar kamfanin a CAC, da wasiƙa daga tsohon mai kula da kai ko abokin aiki, tare da shaidar cewa shi ma ya yi aiki a can. Jami'i na da ikon ya karɓa ko ya ƙi, amma mai fayil cike ya fi mai baki kawai. Ka ga amfanin tarawa tun da wuri.

Suna da ranar haihuwa

Ga wata matsala da ta addabi Hausawa musamman. A takardar firamare Muhammadu, a WAEC Mohammed, a NIN Muhammad, a banki an ƙara sunan gari, a wajen aiki kuma laƙabi ake kira. Ga kwamfuta, mutum huɗu ne ko biyar. Haka ranar haihuwa: an rage shekara biyu a wani wuri saboda bautar ƙasa, an bar ta a wani. Yanzu fasfo da bayanan NIN ake haɗa shi, don haka ka zaɓi rubutu ɗaya, ka bi hanyar hukuma ka daidaita sauran tun kana ɗalibi, ka ajiye takardar rantsuwa da sanarwar jarida in an yi canji. 'Yan'uwa mata da ake canza wa suna bayan aure su lura sosai, a ajiye takardar aure, kuma a sani ba dole ba ne a canza.

Maganar jabu

Za ka haɗu da ejan da zai ce kawo kuɗi kaza, zai haɗa maka shaidar shekara biyar da hatimi da komai. Ka san abin da kake saya. A dokar shige da fice ta Kanada, sashe na 40, wanda aka kama da bayanin ƙarya ana hana shi shiga na shekara biyar, kuma ko ya riga ya sami izinin zama ana iya ƙwacewa. Birtaniya na hanawa har shekara goma. Ostireliya shekara uku a kan takardar jabu. Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Waɗannan ƙasashe huɗu da New Zealand suna musayar bayanan zanen yatsa, don haka tabon wuri ɗaya na iya bin ka sauran. Cewa "ejan ne ya cike min" ba ya kuɓutar da kai, domin kai ka sa hannu. A gida ma buga takardar jabu laifi ne na ɗauri a dokar Penal Code, ga kuma nauyin shaidar zur da ka ɗora wa kanka da wanda ya sa maka hannu.

Kuma ana bincike. Ana kiran lambar da ke kan wasiƙa, ana duba rajistar kamfani, ana duba adireshi a taswira. A kira a ce wane ne wane, mai ɗaukar waya ya ce bai san shi ba, shi ke nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Har ƙaramin ƙari, a mayar da wata tara ya zama shekara, ƙarya ce a wajensu. In za ka biya wani ya ba ka shawara kan Kanada, ka duba sunansa a rajistar hukumar CICC ko ta lauyoyin can. In kamfanin ɗaukar ma'aikata zuwa waje ne, ka nemi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago. Wanda ya ce ka ba shi fasfonka ya riƙe, ko ya ce za ka biya bashin tafiya da aiki in ka isa, wannan maganar NAPTIP ce.

Abin yi daga wannan mako

Ka sayi fayil na roba guda ɗaya. Ka buɗe imel da sunanka na gaskiya, ka riƙa tura hoton kowace takarda can, domin gara da ruwan sama da gobara ba sa sanarwa. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta aikin kowane mako: wuri, awa, abin da ka yi, wanda ya duba. Ka rubuta sunaye da lambobin mutum biyu a duk wajen da ka yi aiki, ka riƙa gaishe su ko da sallah-sallah ne. Wanda ya taɓa aiki a baya bai karɓi komai ba, ya koma hutun nan tun ana tuna fuskarsa. Ƙa'idojin biza kuma suna canzawa, don haka ranar da ka tashi nema ka karanta su a shafin gwamnatin ƙasar da kanta, ba a bakin 'yan TikTok ba.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta shirya zama guda kafin mu fita IT, a gayyato malaman da ke kula da SIWES, a raba samfurin wasiƙar shaidar aiki ga kowane ɗan ajin ƙarshe. Abu ne da ba zai ci kuɗi ba.

Ba kowa ne zai fita ba, kuma ba kowa ne ya kamata ya fita ba. Gwarzo da Kabo na buƙatar masu safiyo da magina na ƙwarai. Amma fayil ɗin nan ba na masu tafiya kaɗai ba ne. Shi za ka buɗe ranar neman gurbin HND, ranar rajista da hukumar sana'arka, ranar neman kwangila ko rancen banki, ranar da wani kamfani a Kano ko Kaduna ya ce kawo shaidar shekara uku. Wanda ya tara bai yi asarar komai ba ko da bai taɓa hawa jirgi ba.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya haɗa mu da iyayen gida na gari, ya sa albarka a abin da muka koya. Amin.